Takenki Yana Ɗakin Mama Terna

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabin da kika koya mini, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Kudenda lafiya lau. Baba yana zuwa masaƙa kamar kullum, wannan satin aikin safe yake yi. Ni nake girki yanzu, kuma miyar kukata ta daina tsinkewa.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma tun ranar Lahadi akwai magana a ƙirjina, na kasa faɗa wa Baba, na kasa faɗa wa ko Rifkatu da muke zama benci ɗaya a aji. Duk wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa ya yi haƙuri, da uwata nake.

Umma, ashe kina rawa?

Shekarata goma sha shida a ɗakinki ban taɓa ganin kin ko kaɗa kafaɗa ba. In rediyo ya sa kiɗa ke ce mai rage murya. In ana biki a layinmu, ki kai gudummawa ki dawo kafin makaɗa su zauna. Sai ranar Juma'a da ta wuce, wata huɗu bayan rasuwarki, yayanki Kawu Sale ya sauka daga motar kanwa, ya taho tun daga Tudun Kanwa, garinku da ban taɓa gani ba. Tare da shi akwai wani tsoho, Baba Isuhu, rungume da gurmi a cikin tsumma, da wata Iya Tabawa mai kiɗan ƙwarya. Kwana biyu suka yi a hanya.

Bayan an yi gaisuwa an yi miki addu'a, Kawu ya zaunar da ni ya ba ni labarin da ke ba ki ba ni ba. Ya ce garinku rairayi ne ta ko'ina, rijiya biyu, kasuwa ɗaya. Kowace Laraba in an tashi kasuwa rana ta yi sanyi, gari duka yakan taru a gindin gawo, har masu raƙuma ba sa tafiya sai an watse. Baba Isuhu ya zauna da gurminsa yana buga taken mutane ɗaya bayan ɗaya, wanda aka buga nasa ya shiga fili. A nan ake sanin wanda ya dawo daga tafiya, da wadda ta haihu, da waɗanda suka yi faɗa suka shirya. Ya ce ba kowa ke da take ba. Ke kin samu naki kina shekara goma sha biyar, ranar da aka buɗe sabuwar rijiya, kika yi rawa da tulu cike a kanki, ko ɗigo bai zuba ba. Ya ce ko bayan Baba ya auro ki ya kawo ki Kaduna, ba Larabar da ba a buga takenki ba, a bar fili babu kowa har a gama.

Ina jinsa ina kallon tabarmarki. Na kasa haɗa wannan yarinyar da ke.

Sai ya faɗi abin da ya kawo su. In mai take ya rasu, ana bin sa har ƙofar ɗakin da ya zauna a ƙarshe, a buga masa sau uku. In wani nasa ya miƙe ya shiga fili, take ya zama nasa, ana ci gaba da bugawa ranar Laraba. In ba wanda ya miƙe, mai gurmi ya kife gurminsa a ƙasa, shi ke nan an binne taken, ko a maƙogwaro ba mai sake yin sa. Kawu ya ce, "Zulai, ke kaɗai ta bari. Ba sai kin iya ba. Ki miƙe kawai ki taka."

Na ce to. Wallahi Umma na ce to, kuma har zuciyata.

Kin san Baba da kiɗa. Da ƙyar ya ce a yi ranar Lahadi bayan la'asar, a gama kafin magariba.

Ranar Asabar duk a mafarki na wuni. Kin san ni da littattafan soyayyar nan da nake arowa, waɗanda kike cewa wata rana sai sun ƙona mana tuwo. A cikinsu yarinya takan miƙe a tsakiyar taro, kowa ya yi tsit, ta yi abin da ba wanda ya zata. Na ga kaina haka. Na goge zanenki mai ruwan bula, na gwada ɗaurin kallabi ya fi sau goma. Har na tsara yadda zan ɗaga kai in an gama.

Ranar Lahadi mutanen gidan hayarmu sun dawo coci sun ci abinci, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ɗaki goma sha biyu duk suka fito, na maƙwabta suka shigo, wasu a kan katanga. Oga Emeka makanike ya kawo benci, ya leƙa gurmin ya ce, "Baba, wannan gita naka igiya biyu kawai? Sauran sun faɗi a hanya?" Baba Isuhu bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Motar da na gani a ƙofar gida ƙafa huɗu gare ta, amma turawa kuke yi." Aka yi ta dariya, Oga Emeka ya fi kowa.

Ba wanda ya gaya musu abin da ake yi, Umma. Baba ya ɗauka maganar cikin gida ce. Kawu kuwa bai taɓa tunanin akwai mutum a duniya da sai an gaya masa ba, tunda a garinku ko yaye aka yi wa yaro ya sani. Su maƙwabta sun ɗauka baƙi ne suka zo da kiɗa don a ɗebe mana kewa.

Baba Isuhu ya fara da waɗansu kaɗe-kaɗen, mutane suna tafi. Can sai ya dakata, ya gyara tsirkiya, ya kalli Kawu. Kawu ya kalle ni.

Yana bugawa na gane shi. Abin nan ne da kike yi a maƙogwaro in kina wanki, in kina tsintar shinkafa, in kina tsefe mini kai. Ni duk zatona gunguni ne kawai irin na mai aiki. Ashe sunanki ne.

Na ce wa ƙafata tashi. Ba ta tashi ba. Ido ya yi mini yawa, na kan katanga ma ni nake gani suna kallo, alhali ba su san komai ba. Ya kai ƙarshe, ya tsaya.

Ya sake na biyu. Kawu ya yi gyaran murya, ya ce "Zulai" a hankali. Baba ya sunkuyar da kai. Na damƙe gefen zanenki har farcena ya shiga tafin hannuna. Ina ji a raina ina cewa yanzu, yanzu, in ya zo wurin nan zan tashi. Ya zo wurin ya wuce.

Na ukun a hankali ya ja shi, kamar yana ba ni lokaci. Na ga ya karkata gurmin kaɗan, ya fara shirin kifewa. Umma, ina kallo za a binne ki karo na biyu, kuma ina zaune.

Sai na ji faranti ya faɗi.

Mama Terna ce, Batibiyar da ɗakinta ke jikin namu, mai sayar da garin rogo. Tana zaune a ƙofarta tana ɓarar agushi da zanen cocinta. Ta miƙe, agushi ya watse, ta shigo fili. Ta ɗaga hannun hagu sama kamar mai tallafe tulu. Wuyanta a miƙe, kanta ko motsi. Ƙafarta ba ta barin ƙasa, tana jan ta bisa siminti kamar mai tafiya cikin rairayi, taku uku gaba, ɗaya baya. Hawaye na zuba ba ta share ba.

Iya Tabawa ta saki ƙwarya ta yi salati. Kawu ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Maƙwabta kuwa sai tafi suke, Oga Emeka har da fito.

Da aka gama Baba Isuhu ya kalle ta ya ce, "Baiwar Allah, wa ya koya miki wannan takun?"

Ta ce, "Maman Zulai mana. In maza sun tafi aiki, yara sun tafi sukul, a nan bakin famfo. Shekara shida muna yi. Ni ma na so koya mata namu, ta ce ƙugunta ba zai iya wannan wahala ba."

A bakin famfo, Umma. Famfon da nake ɗiban ruwa kullum.

Ya tambayi sunanta, ya maimaita sau biyu don ya riƙe. Ya ce daga yau take nata ne, sunanta za a kira a gindin gawo. Kawu ya ce, "Baba, ga 'yarta fa a zaune." Ya ce, "Na gan ta, Sale. Sau uku na kira ta."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma ya yi faɗan.

Sai a lokacin aka yi wa Mama Terna bayani. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ta durƙusa gaban tsohon, ta ce, "Abeg Baba, ban sani ba, wallahi ban sani ba. Na ji waƙar ƙawata ne jikina ya tashi. Na yarinya ne, ku karɓa ku ba ta." Ya ce ba a mayarwa da baki. Hanya ɗaya ce: wata rana in ana bugawa, mai take ta kama hannun wadda take so, ta shiga da ita fili, su taka tare, sannan ta saki hannun ta fita ta bar ta. Ta ce to a buga yanzu. Ya ce ba a buga take sau huɗu a zama ɗaya, kuma motarsu da sassafe za ta tashi. In da rai, sai bayan kaka.

Na ga yadda tsufa ya kama shi. Na ji tarinsa. Ban san ko akwai bayan kaka ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji haushin ta. Kwana biyu ban gaishe ta ba, ni da kika hana wuce babba ba gaisuwa. Na ji haushinki ke ma, Allah ya yafe mini. Me ya sa ita, ban da ni? Na san kunyar 'yar fari, ko sunana ba ki taɓa kira ba, sai dai "ke 'yar nan". Na ce ko kunyar ce ta hana ki taka rawa a gabana. Daga baya na tuna sau nawa kika leƙo ranar Asabar kina cewa in zo in taya ki wanki a bakin famfo, ni kuma in ce bari in gama shafin nan. Ban sani ba ko wanki kaɗai kike kira na. Ba kuma wanda zan tambaya.

Yau Laraba. Na dawo makaranta na kwanta, bayan la'asar na ji ana taɓa labule. Mama Terna ce da bokiti a hannu. Ta ce, "Zulai, yau Laraba. Yanzu haka sun isa, suna kiran sunana a inda ban taɓa zuwa ba, ni kuma tun Lahadi abinci ba ya shiga. Ajiya ce a wurina. Tashi."

Na ce ba zan iya ba, mutane za su gani.

Ta ce, "Wane mutane? Kaji ne kawai a tsakar gida, su ma ba ruwansu da ke."

Ta cika bokitin rabi ta ɗora mini a ka. Ta kife robar wanki tana bugawa da tafin hannu, tana yin takenki a maƙogwaro. Har inda kike ɗan jan numfashi ita ma a nan take ja. Taku uku gaba, ɗaya baya. A na biyar ruwa ya sauko mini ta wuya, ya jiƙa ni har ƙafa. Na tsaya ina jiran ta yi dariya. Ta ce, "Kin fi ni. Ranar farko ni har bokitin na fasa, uwarki ta yi dariya har ta zauna a ƙasa."

Ban taɓa ganin kin yi dariya har kin zauna a ƙasa ba, Umma. Na ce ta sake cika mini.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya yafe mini zaman da na yi. Allah ya ba Baba Isuhu lafiya da tsawon rai ya kai bayan kaka. Allah ya saka wa Mama Terna da alheri, ya bar mana ita. Ba a binne takenki ba. Yana nan bayan bangon ɗakinmu, in na kasa kunne ina jin sa ana ɓarar agushi.

Ni ce 'yarki, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba,
Zulai