Inna, Muryarki Tana Hannun Baƙi

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke durƙusawa ta yi wa uwarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama inda kike. Mu nan Madawa lafiya lau. Jikokinki sun koma lakwal, makarantarsu ta boko, mahaifinsu yana fama da albasarsa a bakin hanya, ni kuma ina nan da ajina.

Damina biyu ke nan da rasuwarki, ban taɓa zama in rubuto miki ba. Abin da ya sa na zauna yau, littafi ne na karanta, ya hana ni sukuni.

Mushe Abdu, wanda ajinsa ke kusa da nawa, ya je Yamai lokacin hutu ya dawo da sababbin littattafai uku na Faransanci, ya ara mini. Na farko labarin wasu ƴan gida ɗaya ne da suka watse wajen neman abinci. Na karanta shi cikin kwana huɗu, na yi kuka kaɗan, na ajiye. Na biyu a kan itatuwa ne da farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Shi kam daɗi ya yi mini, don na riƙa tuno yadda kike ba mu labarin duwatsun da kuka ɗauka a ka kuna mata, kuna jera su don tare ruwa. Na ukun na bari ƙarshe, ina ganin ba ruwana da shi. A kan manyan kamfanoni ne masu yin wayoyi da abubuwan da ke cikinsu, da abin da ya halatta su yi da mutane da abin da bai halatta ba. Ni da ke koyar da yara ƙidaya, ina ni ina wannan?

Ban kai tsakiyarsa ba na same ki a ciki.

Kin tuna kakar da na zo Allakaye da baƙar waya wadda ba tawa ba? Mutanen wani kamfani ne suka zo Madawa suna neman malaman lakwal da za su ɗauko musu muryoyin tsofaffi masu Hausar Adar. Suka ce ana son a koya wa na'ura Hausarmu, don wanda bai iya karatu ba ya tambayi waya ta amsa masa. Suka ba mu wayoyinsu, suka ce za su biya. Ban yi dogon tunani ba, ke na fara tunowa.

Na iske ki a inuwar rumbu kina ɓarar wake. Kika dubi wayar kika ce, "Ke Auta, mi za su yi da maganar tsohuwa?" Na ce ki yi ta magana kawai. Kin fara da nauyin baki, sai ga shi kin saki jiki. Kika lissafa irin geron da ake shukawa a tudu da wanda ke son fadama. Kika faɗi yadda kike gane hadarin da zai zubo da wanda zai wuce Buza ya bar mu. Har waƙar daka kika yi, kina dariya kina rufe baki da gefen zane.

A rana ta uku kika manta wayar tana kunne. Kika shiga zancen ɗanki na fari, wanda ƙyanda ta ɗauke tun ban zo duniya ba. Kika ce yana son ya riƙe miki kunne in yana shan nono. Sannan kika kira sunansa. Inna, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakinki ba, ba a bakin kowa ba. Ban kashe wayar ba. Ban so ki tsaya ba.

Na yi niyyar in yanke wannan wurin kafin in ba su. Sai dai wayar ba ta jira ni ba. Muna shigowa Madawa a mota, rezo ya kama, wayar ta samu layi, ta aika da komai da kanta. Bayan sati biyu suka karɓi wayarsu. Ban riƙe ko kalma ɗaya ba, don a lokacin ina ganin ga ki nan, duk ranar da na so jin muryarki sai in hau mota.

To, mai littafin nan ya yi bayanin abin da ake yi da irin wannan murya. Ana yayyanka ta ƙanana-ƙanana, a zuba cikin na'ura tare da ta dubban mutane. Wani lokaci ma'aikata a wata ƙasa su saurara su rubuta abin da suka ji. Wani lokaci kamfani ya sayar wa wani kamfanin. Na ajiye littafin na fita tsakar gida, na rasa abin da na fito yi. Wani wanda bai san Allakaye ba, bai san ki ba, wataƙila ya zauna da abin ji a kunne ya rubuta sunan da kika ɓoye wa ɗiyanki shekara da shekaru.

Da littafin ya tsaya nan, da na san fushi zan yi, in huta. Amma bai tsaya ba. Ya kuma kawo waɗanda abin ya amfana, kuma ni ma na gani da idona. Ranar kasuwa na zauna kusa da wata mata daga Tabotaki a mota. Akuyarta ce ta ƙi ci, ta danna waya ta yi tambaya da bakinta, wayar ta amsa mata da Hausa. Ba muryarki ba ce, na kasa kunne sosai. Ban ma sani ba ko kamfanin ɗaya ne. Amma matar ta yi murna, ta ce da sai ta jira ɗanta ya dawo daga cin rani ya karanta mata. Na dube ta na rasa ko in taya ta murna ko in yi kuka.

Mushe Abdu ya taimake ni muka rubuta wa kamfanin. Na ce mai muryar ta rasu, ni ɗiyarta ce, ina son su turo mini abin da na ɗauka. Bayan wata guda suka amsa, cikin ladabi ƙwarai, har da ta'aziyya. Suka ce ba sa ba kowa, dokarsu ce. Amma in magada sun so, akwai takardar da za a cika, su shafe. Suka ƙara da cewa abin da na'ura ta riga ta koya, shi ba ya shafuwa.

Kin ji, Inna. Shafewa suna iyawa, miƙo mini muryarki ne ba sa iyawa.

Na tafi gida na tara Yaya Illa da ƙanwarki Inna Ai, na karanta musu. Yaya Illa bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "A shahe. Ta tahi, a bar ta ta huta. Ba ni son muryatta tana yawo ga hannun baƙi." Inna Ai kuwa ta ce, "Ku bar ta. In wata ta ji ta ƙaru, ladan na iske ta. Ku mi kunka sani?" Muka je wurin liman, ya saurara har ƙarshe, ya ce gaskiya bai taɓa cin karo da irin wannan tambaya ba, a ba shi lokaci. Har yau yana dubawa.

Ni kuwa kullum da abin da nake wayewa da shi. Yau in ce Yaya Illa ne da gaskiya, sirrinki ya fi komai. Gobe in tuna duk duniya nan ne kaɗai wurin da dariyarki ta rage, ko da ba zan taɓa jin ta ba, kuma da hannuna zan sa a kashe ta. Na cika takardar, tana cikin jakata tsakanin littattafan rubutun yara. Wurin sa hannu ne kawai ban taɓa ba. Ga shi kuma wannan wasiƙar ma a waya nake rubuta ta, inda mutane za su karanta, inda wani kamfanin zai ajiye. Na sani. Ban san wani wurin da zan kai ta ba. Sunan dai ban rubuta ba, kuma ba zan rubuta ba.

Akwai abin da ban faɗa wa Yaya Illa ba, ban faɗa wa liman ba. Kafin mu fara ɗauka, akwai takardar yarda da suka ce a karanta wa kowane tsoho. Shafi huɗu ce, da Faransanci, rubutu ƙanana. Ni ce mai karatu a gidanmu, ke kika sayar da tumakinki don in zauna lakwal. Ban karanta miki ba. Ni ma ban karanta ba. Na ce miki ba wani abu ba ne, na buɗe tawada. Kika goge yatsa a zane kika miƙo, kika ce, "Tunda ke kinka kawo, ba sai na ji ba."

Kamfanin yana da shedar yatsanki cewa kin yarda da su. Ni kuwa na san da wanda kika yarda.

Ki gafarta mini, Inna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata shi. Allah Ya sada ki da ɗanki na fari, ki kira shi da sunansa yadda kike so, ba mai saurare. Ni kuma Allah Ya nuna mini abin da ya fi, Ya ba ni ƙarfin yin sa. Amin.

Taki har kullum,
Auta
Madawa