Ƙullin Geron Baba

Jidda, watan Zulhajji, 1393

Zuwa ga Yaya Na'ibi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da iyali, ya ƙara mana haƙuri. Mu nan lafiya. Maigidana Usman yana nan yana dakonsa a tashar jiragen ruwa.

Ranar da Alhaji Husaini na garinmu, da ya zo aikin hajji, ya sauka gidanmu ya gaya mini Baba ya rasu, ranar ce guguwa ta taso daga teku. Ya ce ruwa ya ƙi sauka, fari ya ƙone gonaki, har iri kun daka kun ci. Yana magana, ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ina kallo ya jiƙa littattafan labaraina da ke gindin gado, ban tashi na kwashe ba. A cikinsu idan an yi rasuwa sai matar ta faɗi sumammiya. Ni ko hawaye ban yi ba, har yau.

Ka tuna ƙullin geron da Baba ya sa mini a kaya bara waccan? Washegarin guguwar Usman ya ce ruwa kamar wannan ba ya maimaituwa a Jidda, maza in shuka shi a bayan ɗaki, in riƙa ganin Baba. Har na kwance ƙullin. Sai na tsuguna na tona ƙasa da hannu, yadda Baba yake yi kafin shuka. Yaya, laima ba ta wuce gaɓar yatsa ba, ƙarƙashinta ƙura ce. Ruwan da ya rushe katangu duk ya gangara teku. Baba yakan ce ƙasar da ta daɗe da ƙishi ba ta iya sha da gaggawa. Usman ya yi dariya, wai ni kaɗai ce ake ambaliya ina neman ruwa. Na ɗaure ƙullin.

Saboda haka idan damina ta faɗo muku da hadari mai ƙarfi, kada cikar rafi ta ruɗe ka. Ka tona, sai laima ta kai wuyan hannu. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka gaishe mini da Inna, da matarka Rabi da yara. Usman yana yi muku ta'aziyya.

Geron nan shi kaɗai nake da shi na Baba. Na ba Alhaji Husaini ya kawo maka. Ban rage ko ƙwaya ɗaya ba.

Ƙanwarka,
Bashira