Hutu Uku, Sai Hagu

Litinin, 6 ga Oktoba
Za ni dutse! 'Yata Auta ta shigo ko rigar asibiti ba ta cire ba, ta ce ƙungiyarsu ta masu hawan duwatsu ranar Asabar ta zaɓi wanda aka haife ni a kansa. Na ce to da ni za a. Ta ce, "Baba, gwiwarka fa?" Na ce taki ce?

Shekara hamsin da shida rabona da can. Duk waɗanda muka sauko tare sun rasu. Ni kaɗai na san hanyar idon ruwan da ke bayan kufanmu, kuma a kaina take: daga gindin dutse ka miƙe, hutu ɗaya, hutu biyu, a na uku ka karkata hagu ka shiga tsagi. Haka mahaifina ya koya min muna ɗauke da tuluna. In na mutu ban nuna wa kowa ba, ruwan ya ɓata ke nan.

Laraba, 8 ga Oktoba
Tela maƙwabcina ya yi ta dariya har da riƙe ciki. "Ruwa a kan dutse! Shekara arba'in kana ba mu labarin nan, kullum ruwan ƙara sanyi yake." Na ce zan kawo masa a gora ya sha a gaban jama'a. Shi ne dai ya ce wanda bai shiga aji ba ba zai iya rubutu ba. A jikin motocin tasha na koya ina dako, ga shi ina yi, ko da karkatacce.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Rediyo ya ce a wata ƙasa mutane na gudun yaƙi a ƙafa, kwana tara suna tafiya. Allah ya kawo musu sauƙi. Mu ba yaƙi ya sauko da mu ba, titi aka yi a ƙasa, kowa ya biyo titi. Ko a cikinsu akwai mai waiwaye yana riƙe hanya saboda komowa? Dole akwai. Kowane ayari da irina.

Juma'a, 10 ga Oktoba
Auta ta kawo min sandar ƙarfe mai naɗewa. Na jingine ta bayan ƙofa, wai ni. Shugaban ƙungiyarsu ma ya zo gaishe ni, likitan ƙashi ne, yana ta shafa waya. "Baba, taswirar nan ba ta nuna ruwa ba." Na ce wayar taka shekararta nawa? Ya ce biyu. Na ce to ta yi shiru, manya na magana. Na sa masa suna Mai Taswira.

Na wanke gora har sau uku.

Asabar, 11 ga Oktoba
Mu goma sha ɗaya, ni ne gaba! Iskar wurin ta daki fuskata, wallahi sai da na yi waƙa. Na huta sau ɗaya, sau biyu, a na uku na ce hagu. Suka bi ni. Babu tsagi. Ƙaya, sai dutse a tsaye kamar bango. Awa biyu muna zagaye, wata ta yanke a ƙafa. Ba wanda ya yi min dariya, da ma sun yi. Mai Taswira ya ce, "Duwatsu kan sauya, Baba." Ƙarya yake don ya rufa min asiri.

Gora ta dawo yadda ta tafi.

Lahadi, 12 ga Oktoba
Ban fita ba. Ina jin ƙarar keken ɗinkin Tela.

Talata, 14 ga Oktoba
Auta na shafa min magani a gwiwa, sai ta ce, "Baba, ranar da Kaka ya koya maka hanyar, shekararka nawa?" Na ce sha tara. "Da tulu a ka?" Na ce babba kuwa. Ta ci gaba da shafa.

Kai! Sai da na buga cinya. Hutun saurayi na ƙirga da ƙafar tsoho! Inda na yi hutu na uku, a da ko gumi ban fara ba. Ashe dutse na nan inda yake.

Na ce Asabar a koma. Ta ce sai dai da sanda. Muka yi ta ja. Ban ce na yarda ba, na ce dai ta ɗauko.

Asabar, 18 ga Oktoba
Mu uku kawai. Na sa Auta gaba, na cika mata jaka da duwatsu nauyin tulu, na ce kar ta zauna sai numfashi ya ƙi. Ta ce, "Baba, a wurin aiki fa shugaba ce ni." Na ce a nan 'yar dako ce. Ni da Mai Taswira muna baya, na zauna sau tara, ba a ƙirga nawa. Duk inda ta huta sai ta jira mu.

A na ukunta ta zube tana haki. Na duba hagu. Tsagi! Kamar jiya na fito daga cikinsa, sai dai wata bishiya ta tsaya a baki. Muka kutsa a karkace. Tun ban gani ba na ji shi, ɗis, ɗis. Bai kai yadda nake faɗa ba, siriri ne kamar igiya, amma sanyin har haƙori. Ga ramin da gindin tuluna ya ci a dutse. Na sa hannu a ciki na daɗe.

Auta ta ce kuka nake. Ruwa ne na watsa a fuska.

Litinin, 20 ga Oktoba
Tela ya sha a bakin shagonsa, mutum shida na kallo. Ya ce, "To, akwai ruwa. Wa ya gano?" Na ce ni mana. Sai na ce, da ƙafar Auta.

Na bar Mai Taswira ya sa wurin a wayarsa, ba don na yarda da ita ba. Auta kuwa na sa ta maimaita min har sau uku, yadda aka yi min: hutu uku, sai hagu. Na ƙara abin da mahaifina bai faɗa ba, hutun mai ƙarfi ɗauke da kaya. Ta ce wata mai zuwa za ta kai sauran. Na ce su je, ina da aiki ranar.

Sandar nan saboda karnukan unguwa nake fita da ita.