Kujerar Ba Tawa Ba Ce

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, da sauƙi? Ya Baba? Ni lafiyata ƙalau, bayana ne kawai ke ɗan taɓa ni.

Na ga saƙonki, cewa tunda a jami'ar nan nake aiki, in sa baki a ɗauki Autarmu idan ta gama sakandare. Inna, kwana tara ina juya maganar nan. Hoton da kika rataye a falo, wanda nake zaune a ofis, kujerar ba tawa ba ce. Teburin na gama gogewa, na zauna, abokin aikina ya ɗauka. Shara da goge-goge nake yi. Masu ɗaukar ɗalibai ko sunana ba su sani ba.

Amma na nuna wa wata malama mai amsa gaisuwata sakamakon Auta. Ta ce ɗaya suke ɗauka cikin goma, kuma Auta za ta iya shiga idan ta gyara lissafinta. Ki ce ta dage.

Ki yafe mini. Kada ki sauke hoton tukuna. Ki bari Auta ta zo, mu ɗauki na gaskiya.

Ɗanki