Filastar Kafaɗar Abba

Litinin, 7 ga Afrilu

To, ta kama? Serah maƙwabciyata ta ce in danna jan nan in yi ta magana, wayar za ta riƙe min. Ni ban iya rubutu ba, kuma ba wanda zan gaya wa.

Yau muka kai Abba ɗakin gashi a asibiti. Tun da aka jawo shi ranar haihuwa hannunsa na dama bai ɗaga ba, yana lilo kamar ba nasa ba, tafin ya juya baya. Madam Phebe mai yi masa gashi ta ce jijiyar kafaɗa ce ta ji ciwo. Ta manna masa filasta shuɗiya a kafaɗar, ta ɗaura masa wata 'yar roba a wuyan hannu. Ta ce, "Ƙanwata, banda mai a wurin, banda jan hannu, kar a ɓare. Kin ji?" Na ce na ji.

Hannun dama fa. Da me zai ci tuwo, da me zai gaisa da mutane?

Alhamis, 10 ga Afrilu

Hajja, uwar maigidan, ita ke masa wanka tunda tawa uwar ta rasu. Ruwan zafi, man shanu, sai ta kamo hannuwan ta haɗe su ta baya ta miƙar, ta cilla shi sama ta cafe. Haka ta yi wa nata duka. Tana ganin filastar ta yi dariya, "Kai angona, wa ya yi maka faci kamar tayar keke?" Ta ɓare.

Ina zaune a tabarma, kaina a ƙasa. Ɗan fari ne. Sunan mijinta marigayi ya ci, ko sunan ba na iya kamawa, shi ya sa Abba. Ta ina zan buɗe baki a gabanta a kan ɗan fari? A ce Gumsu ba kunya a idonta, duk unguwarmu ta Bolori a ji?

Na kira babansa, yana hanya da tirela. Ya ce, "Bar Hajja, ta fi ki sani."

Asabar, 12 ga Afrilu

Na tsinto filastar a bayan randa, ta ƙi kamawa saboda man. Na sayo fara a kemis, na manna yadda na tuna. Kullum Hajja ta ɓare da safe, ni in mayar in ta shiga salla. Robar kuma tana ƙarƙashin katifa, ta ce kamar ankwa.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ban koma asibiti ba. Fatar ta yi ja ta saɓule, ga zafin garin nan. Riga mai dogon hannu nake sa masa kar a gani. Wayyo ni.

Litinin, 5 ga Mayu

Serah ce ta ja ni. Ta shigo ta ɗaga rigar ba ko tambaya, ta ce, "Gumsu, ɗauko mayafinki. Ko ki tafi da ƙafarki ko in goya ku ku biyun."

Madam Phebe ta daɗe tana kallon kafaɗar. Ta ce wa ya manna wannan? Na ce ni. Ashe a juye nake mannawa. Tata tana jan hannun waje ne don ya buɗe, tawa tana jan shi ciki, can inda ciwon ke son kai shi. Ni da hannuna nake taya ciwo! Ta gwada juya kafaɗar, Abba ya tsala ihu. Ta ce ta fara sandarewa, kuma sai fatar ta warke kafin a sake mannawa. Ta ce jijiya ba ta jiran kowa, wannan watan da ya wuce ba ya dawowa.

Da ma ta zage ni. Ba ta zage ni ba. Sai ta ce, "Wa ke masa wanka?"

Na ce kakarsa.

"Ke kina ina?"

Na ce ina wurin.

"Ina wurin" ɗin nan ce ta biyo ni har cikin Keke Napep, har gida.

Talata, 13 ga Mayu

Jiya aka manna sabuwa. Madam Phebe ta sa ni na ɗora yatsa na bi hanyarta, daga gaba zuwa baya, har sai da hannuna ya haddace.

Da safe Hajja ta zuba ruwa a baho, ta kai hannu kafaɗar. Ban san lokacin da na tashi ba. Na riƙe hannun Abba na ce, "Hajja, don Allah banda wannan."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Lalle! Yau kuma ke za ki koya min riƙon jariri? Mijin naki a ruwa na tsinto shi?" Ta ajiye soso ta shige ɗaki. Ni na ƙarasa wankan ina kuka, shi ma yana yi.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na gaishe da Hajja, ta amsa wa bango. Da tun ranar farko na sha wannan fushin, da yanzu...

Juma'a, 23 ga Mayu

Ta dawo wankan, wai ba na cuɗa masa bayan kunne. Ita ke wankewa, ni ina durƙushe ina tallafe da hannun. Man shanu ko'ina banda kafaɗa. Robar ma ita ta zaro ta daga katifa, ta ce in za a yi abin asibiti a yi shi gaba ɗaya.

Hannun bai ɗaga ba. Madam Phebe ta ce wataƙila ba zai taɓa kai na hagu ba, Allah ne masani. Amma yau da ruwa ya taɓa shi na ga kamar gwiwar hannun ta ɗan motsa. Kafin in ankara na ce, "Hajja, dubi ɗana!"

Ɗana. A gabanta. Bakina ne kawai ya suɓuce, ba wani abu ba.

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce, "Riƙe shi da kyau mana, kar ruwa ya shiga facin."