Maganar da Muka Yi a Bakin Akushi

Unguwar Tandabawi, ƙasa mai tsarki, daren Laraba, Safar 1371

Yau na je gaban alƙali kan Yaya Haruna, wanda askarawa suka ɗauke a shagonsa makon jiya, wai ya zagi hukuma. Na ce, "Ya Shaihu, wa ya ji shi? Da izinin wa aka saurare shi?"

Wakilin hukuma ya ce wannan sirrin ƙasa ne, ba a tambaya. Alƙali ya sunkuyar da kai.

Mu tun zamanin Baba, in za mu taɓa hukuma sai mu bar Larabci mu koma Hausa, muna ganin mun rufe ƙofa. To, ina fitowa wakilin nan, shi kuwa ɗan Larabawa ne fa, ya matso ya maimaita mini maganar Yaya da Hausa tsaf, har da tarin da Yaya ya yi a tsakiya.

A gida aka yi maganar nan, muna cin tuwo. Daga ni sai Yaya sai Kawu Isa.

Ɗazu Kawu ya turo mini akushi yana murmushi, ya ce, "Ya aka ƙare?" Na buɗe baki, na rasa da wane harshe zan amsa masa.