Wandon Ruwa Daga Haraj

Tandabawi, Makka
Ƙarshen Jimada Sani

Zuwa ga Kawu Mahmudu, Yanbu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman afuwa bisa ƙarfin halin da na yi na rubuto maka, alhali sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, a zaman makokin Baba, kuma ranar ko kai ban iya ɗagawa na gaishe ka yadda ya kamata ba. Ni ce Kausar, autar ƙanwarka Mairama. Umma ta ce kiran waya ba ya yi maka amfani tun da ƙarar injin jirgin ruwa ta taɓa maka kunne. A makaranta da Larabci muke karatu. Maƙwabciyarmu Malama Ramlatu ce ta koya mini rubutun Hausa, idan ka ga kuskure nawa ne, ba nata ba.

Muna fatan kana lafiya. Dalilin rubutun shi ne Yaya Nu'uman. Ya samu aiki wajen wani mai kamun kifi a garin Duba, kuma ba a jirgi suke fita ba. Da ƙafa suke shiga teku bayan sallar asuba, su tsaya ruwa iya ƙugu suna jefa raga, iskar arewa tana dukansu. Duk kiran da ya yi tari ne ke katse masa magana. Ya ce mu aika masa da wandon ruwa, wato na roba mai haɗe da takalmi wanda ke zuwa har ƙirji, saboda na ubangidansa duk yoyo suke yi.

Mu kuwa a gidan nan ba wanda ya taɓa shiga ruwan da ya fi na bokiti zurfi. Umma ta tara singileti da jallabiyoyin Baba ta ce ya riƙa jibga su daga ciki. Ni dai na ce mu tambayi wanda ya sani. Wane iri za mu saya? Me ake sakawa a ƙarƙashinsa?

Turki, direban da ke kai kaya Yanbu da Duba, shi zai kawo maka wannan, kuma ya ce zai karɓo amsa idan ka ga dama.

'Yarka mai girmama ka,
Kausar

*

Yanbu

Kausar,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki. Rubutunki ya fi nawa kyau, ki daina ba da haƙuri.

Ki ce wa uwarki ta mayar da jallabiyoyin nan akwati. Tun tana yarinya haka take, idan ana sanyi sai ta naɗe mutum kamar kayan aike. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, iska na bugowa sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a jikin mutum. Jallabiya kuma cukuikuyewa take yi a cikin wando ta hana ƙafa motsi. Abin da zai taɓa fatarsa ya zama siririn yadi mai saurin bushewa, irin na 'yan ƙwallo, riga da wando. A kansa suwaita ta ulu. A kan wannan rigar da ke tare iska. Safa biyu, siririya daga ciki, ta ulu daga waje, amma kada su matse yatsu. Ƙafar da aka matse ita ce ke fara mutuwa da sanyi.

Wandon ya zama mai kauri da taushi kamar soso, takalminsa ya fi ƙafarsa girma kaɗan saboda safa, ƙasan takalmin mai kama dutse. Ki cika shi da ruwa a banɗaki ki ga ko yana ɗiga. Abu mafi muhimmanci shi ne ɗamara. Dole ya ɗaure ƙugu tamau daga waje. Idan mutum ya zame babu ɗamara, ruwa zai cika wandon, ya so tashi ya kasa.

Idan sabo ya gagara ku duba na hannu, amma ki buɗe ido. Ki gaida Mairama. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Mahmudu

*

Tandabawi
Farkon Rajab

Kawu,

Assalamu alaikum. Mun gode ƙwarai. Na karanta wa Umma, ta yi dariya a wajen kayan aike, ta ce har yanzu bakinka bai canza ba.

Sabo ya gagara. Mun je haraj, kasuwar kayan hannu, muka samu ɗaya rataye tsakanin tsofaffin darduma da fankoki. Kore ne mai duhu, mai kauri, kuma lambar takalmin ita ce wadda muke nema. Mai sayarwa ya ce bai san yadda aka yi ya shigo cikin kayansa ba, a cikin wani buhu ya tsince shi. Umma ba ta ko gama tayawa ba ya sallama. Babu ɗamara a jikinsa, mun sayi wata daban.

Na cika shi da ruwa kamar yadda ka ce, bai ɗiga ba. Na juye, na kife shi a saman bene ya wuni a rana har robar ta yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Da na zura hannu, ciki ya bushe ƙarau. Na rataye shi a bayan ƙofar ɗakinmu.

Kawu, ina jin kunyar rubuta abin da ya biyo baya, don a makaranta an koya mana cewa kowane abu yana da dalili. Washegari da na dawo daga makaranta na ji takalman sun yi nauyi. Akwai ruwa a ciki, iya idon sawu, kuma sanyinsa kamar daga firiji aka ɗebo. Na ɗauka ban juye da kyau ba ne, na sake shanyawa. Haka ya sake yi. Na lasa, gishiri ne. Mu kuwa da ruwan famfo na gwada shi. Jiya har da yashi mai laushi a ƙasan na hagu.

Akwai kuma yadda yake ratayuwa. Sauran kaya idan an rataye su saki jiki suke yi. Shi gwiwoyinsa ba sa saki, suna ɗan lanƙwashe kamar na mai tsayuwa a inda ƙasa ba ta da tabbas.

Na gaya wa Umma ta ce shaiɗan ne ke wasa da ni saboda jarrabawa ta matso, na yi ta'awwuzi. Na yi. Abu ɗaya kawai na lura da shi ban da wannan: igiyoyin kafaɗa biyun an taɓa yanke su an sake ɗinkewa da zaren da ba kalarsu ba. Yankan a miƙe yake, kuma a daidai wuri ɗaya a kowane ɓangare. Ɗinkin yana da ƙarfi, na ja bai motsa ba. Ko wannan aibi ne?

Ka yafe mini tsawaitawa.

'Yarka,
Kausar

*

Yanbu

Kausar,

Wa alaikumus salam. Kada ku aika masa.

Igiya idan ta tsufa tsinkewa take yi, ba ta yankewa a miƙe. Idan aka ciro mutum daga teku wandonsa cike da ruwa, ba a iya tuɓe masa shi. Wuƙa ake sawa a kafaɗu biyu a zare shi daga ciki. Na yi wannan aikin da hannuna, ba sau ɗaya ba. Wanda aka ciro da rai yakan ƙi sake ganin wandon. Wanda aka ciro babu rai, mu masunta binne nasa muke yi a can nesa da gaɓa. Ba ma sayarwa, ba ma bayarwa. Wani marar tsoron Allah ne ya ɗinke wannan.

Ban ce miki akwai wani abu a cikinsa ba. Rai a hannun Allah yake, roba ba ta kashe kowa. Amma ki fitar da shi daga ɗakin da kike kwana, ki sa a buhu ki ba Turki ya kawo mini. Nawa yana nan, shi za a kai wa Nu'uman.

Mahmudu

*

Tandabawi
Tsakiyar Rajab

Kawu,

Assalamu alaikum. Takardarka ta zo a makare. Ina makaranta Umma ta haɗa kayan ta ba wani maƙwabcinmu mai tafiya Tabuk, ya biya ta Duba ya miƙa. Ba ta yi don ta saɓa wa kowa ba, tarin Yaya ne ya hana ta sukuni.

Na kira shi na karanta masa abin da ka rubuta. Ya yi ta dariya, ya kira ni matsoraciyar Umma, ya ce ni da ko ƙadangare na gani sai na hau kujera. Ya ce bai taɓa saka abin da ya zauna masa a jiki haka ba, kuma tarin ma ya tafi. Sai na tambaye shi ruwan da ke taruwa a takalmin. Ya ce: "Idan na saka ba na jin sa. Ba na jin sanyin ma gaba ɗaya, Kausar."

Ya ce yanzu ya fi kowa kama kifi, don yana wuce inda sauran suke tsayawa, har bakin inda dutsen ya ƙare ruwa ya koma baƙi. Ya ce ƙafafunsa sun san hanyar. Shekaranjiya sai da ubangidansa ya shiga ya riƙo shi ta igiyar kafaɗa, wai an yi ta kiransa bai ji ba. Yana ba ni labarin kamar abin dariya.

Na tambaye shi ɗamara, ya ce tana damunsa, ya ajiye.

Kawu, ni na zaɓo wandon nan da hannuna. Yaya ba ya jin maganata, Umma kuma ban iya gaya mata wannan ba.

'Yarka,
Kausar

*

Yanbu

Kausar,

Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki. Ranar da takardarki ta iso na bi Turki zuwa Duba.

Na samu yayanki a gaɓa yana gyaran raga, wandon a jikinsa, ga rana ta take. Ya rame. Na ce ya tuɓe, ya ce sai anjima. Ban yi masa gardama ba, na zauna kusa da shi har aka kira azahar, dole ya cire don alwala. Yana shiga masallaci na naɗe wandon na sa a motar Turki, na ajiye masa nawa a wurin. Ya yi fushi, ya faɗa mini maganar da ba a faɗa wa kawu. Da la'asar ya zo ya durƙusa yana rawar ɗari, ya ce sanyin duk kwanakin nan ne ya sauko masa lokaci ɗaya. Na sa masa suwaita, na ba shi shayi mai citta. Washegari na ɗaure masa ɗamara da hannuna, ya shiga ya tsaya inda mutane ke tsayawa. Tarin ya dawo, ni kuwa na yi murna da jin sa.

Wandon yana wurina. Zan binne shi. Na so na yi jiya, sai na tsaya duba shi. Gaskiya aikin mai kyau ne, ba a yin irinsa yanzu. Rabona da shiga ruwa tun da ciwon gwiwa ya hana ni, amma da na gwada ƙafa ɗaya don na ga girman, ban ji ciwon ba. Kin iya zaɓe.

Ki gaida Mairama.

Mahmudu

*

Tandabawi
Ƙarshen Rajab

Kawu,

Assalamu alaikum. Yaya yana lafiya, yana shan magani, kullum yana sa maka albarka. Allah ya saka maka da alheri.

Turki ya zo jiya babu takarda. Ya ce ya buga ƙofarka ba ka nan, maƙwabta suka nuna masa bakin teku. Ya hango ka a tsaye ruwa iya ƙirji, babu raga a hannunka, ka ba gari baya. Ya yi ta danna ƙahon mota, ba ka waiwayo ba. Ya ce ai kunnen Kawu ne, ni ma haka na gaya wa Umma.

Kawu, ba ni da matsayin da zan ba ka umarni. Ina roƙonka ne. Idan wannan ta same ka a gida, ka sa wandon a buhu ka ɗaure bakin, kada ka sake dubawa, ka ba Turki. Na roƙe shi ya tsaya a hanya inda babu ruwa ko kusa ya haƙa rami, ya kuma yarda. Na roƙe shi kada ya baro ƙofarka sai ka fito ka karɓi wannan da hannunka.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto, ko sunanka kawai. Kuma idan ba zan dame ka ba, ka ba ni izini na ci gaba da rubuto maka duk zuwan Turki, ko da amsa ko babu.

'Yarka mai yi maka addu'a,
Kausar